Na sa wa 350Z ɗina taya 275 a baya, ga abinda na gani bayan wata bakwai

Toh ni dai tun ranar da na sayi Nissan 350Z ɗin nan (ta 2004 ce, manuwal, 'yar Beljiyam) abu ɗaya ke damuna duk sanda na tsaya a bayanta. Ƙugu ne da ita mai faɗi amma tayoyin sun shige can ciki, kamar ƙato ya sa takalmin ƙaninsa. Kamfani 245/45R18 (lambar farko faɗin tayar ce a milimita, 18 kuma girman rim a inci) suka sa mata a baya, gaba kuma 225/45R18, kuma gaskiya sun ishi injin V6 3.5 mai doki 287 in dai ofis kawai zaka je ka dawo. Amma ni na riga na canja salansa, na sauke ta ƙasa da sababbin shoka, ga shi tayar baya ce ke ja, ko 'yar ƙura ce a kan kwalta kana taka totur a giya ta biyu sai kaji bayan ya fara rawa. Sai nace bari a ƙara faɗi.

Kuskuren farko nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na samo rim mai faɗin inci 10.5, ofset +15 (awon yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje), na ɗauka na tafi wajen wani mai sayar da taya nace masa wadda tafi kowacce faɗi nake so. Ya shiga ciki ya mirgino 285/35R18 guda biyu Beljiyam yace Alhaji wannan ita ce daidai kai. Ko tambayata wace taya ke gaban motar bai yi ba, nima ban san akwai abin tambaya ba. Wallahi motar tayi kyau, ranar hoto ya kai talatin na ɗauka.

Washegari na hau titin Kubwa, hanya miƙaƙƙiya ba ruwa ba yashi, ina sa giya ta uku sai fitilar SLIP mai nuna taya na santsi ta fara ƙiftawa a dashbod motar ta yanke ƙarfi kamar wani ya riƙo mata wutsiya. Na zaci sensa ce ta mutu, na kai wa mai wayarin ya jona kwamfuta yace shi bai ga komai ba. Haka nayi sati biyu kullum ina tayarwa sai na danna maɓallin kashe VDC, wato na'urar da ke hana motar santsi, kuma ana cikin damina, wanda ya san motar nan ya san ganganci nayi.

Wani abokina ne ya tura ni wani gareji a Apo, kuma saboda su na zauna rubuta wannan. Ba wani wuri bane na a zo a gani, rumfar kwano ce da injin alaimen ɗaya da yara uku. Ogan ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya karanta lambar gaba ya karanta ta baya, sai ya ɗago yace ranka ya daɗe waye yayi maka wannan aikin? Bai jira amsa ba ya ciro waya ya buɗe kalkuleta. Ashe lambar tsakiyar nan, 45 ko 35, kaso ce na faɗin tayar, ita ke faɗa maka tsayin gefenta. Ya lissafa min a gabana: ta gaba tsayinta gaba ɗaya milimita 660, ta bayan da kamfani ya sa 678, wato da gangan aka yi ta baya tafi tsayi da kusan kashi 3 cikin ɗari kuma kwamfutar motar da haka ta saba. Ita kuwa 285/35 ɗina 657 ce, har ta gaba ta fi ta tsayi. Gajeriyar taya tafi saurin juyawa, shi ne kwamfuta take ɗauka bayan yana santsi sai ta yanke min wuta. Sati biyu ina zargin sensa ashe lissafin firamare ne ya kayar da ni.

Yace in koma 275/40R18, tsayinta 677, bambancin milimita ɗaya da ta kamfani. Na ɗan yi gardama don ji nake kamar ragi ne daga 285 zuwa 275, yace Alhaji milimita goma ce fa, ko faɗin ɗan yatsanka ba ta kai ba. Na sayi Michelin Pilot Sport 4 sababbi, sai da aka yi kwana biyar kafin su iso daga Legas don ba kowane shago ke ajiye girman ba. Da suka zo shi da kansa ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikin tayar, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera, abinda 'yan rod sefti ke dubawa kenan. Da na duba na Beljiyam ɗin da na cire sai nayi shiru kawai.

Aikin fenda shi ya fi burge ni. Da yake motar a sauke take, in ta faɗa rami tayar tana gogar leɓen fenda ta ciki. Na san wasu guduma suke sawa ko su cusa sanda su tura mota, fenti ya tsattsage bayan wata biyu tsatsa ta fito. Su na'ura suka ɗaura a mazaunin tayar mai 'yar ƙafar roba, yaro ɗaya yana hura zafi a kan fentin ɗayan yana lanƙwasa leɓen a hankali, ogan kuma yana taɓawa da bayan hannu yana cewa ya isa, ƙara kaɗan. Kusan awa ɗaya kowane gefe, ko tsaga ɗaya babu. Suka sa zobe a tsakiyar rim ɗin ya zauna daram a kan mazaunin tayar motar mai faɗin milimita 66.1, noti kuma da sifana mai awo aka ɗaure, ba irin wanda yaro zai hau kan ƙarfe yana tsalle ba. A wajen alaimen ya nuna min yadda sauke motar ya sa tayoyin baya suka kwanta ta ciki, yace in ba a sa hannun kamba mai gyaruwa da ke miƙar da tayar ba cikin tayar zai suɗe wajen yana nan sabo fil. Na saya, na ji a aljihu amma na saya.

Inda suka ban haushi, an ce min in zo ƙarfe tara, ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, ba wajen zama sai wani benci da rana ke duka, rasit ma sai da na roƙa sau biyu. Kuma ogan baya ragi ko sisi, kana fara ciniki zai juya ya cigaba da aikinsa.

Yanzu wata bakwai kenan. Fitilar nan bata sake ƙiftawa a miƙaƙƙiyar hanya ba, in na tashi daga danja bayan yana kama ƙasa gam. Sai dai da farko da na bar 225 a gaba, in na shiga kwana da gudu hancin motar ne ke son wucewa gaba sitiyari kamar baya jin magana, sai da na sa 255/40R18 a gaba (tsayi milimita 661, lissafin ya zauna) sannan ta daidaita, kuɗin da ban sa a kasafi ba kenan. Motar tana bin duk wani kwarin da tireloli suka yi a kwalta, dole hannu biyu. In ruwa ya kwanta a titi ina rage gudu sosai don faffaɗar taya tafi saurin hawa kan ruwa. Mai ma ta ɗan ƙara sha. Iska 35 nake bari kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofa, kuma geji na saya nawa.

Mai facin bakin titi kuwa na daina bari ya kusanci rim ɗin da ƙarfensa. Watan jiya ƙusa ta shige ni a Gwarinpa, na sa 'yar siririyar safayar nan, na zo saka babbar a but taƙi shiga saboda ƙaton ƙarfen da ya gitta tsakiyarsa. A kujerar gaba na zaunar da ita na ɗaura mata bel, haka muka tafi har Apo mutane na leƙenmu a go-sulo.