Wata takwas muna Scrum kafin mu koma Kanban

Mu shida ne a ofis: masu rubuta manhaja huɗu, mai gwaji ɗaya, sai ni mai ɗaukar wayar abokan ciniki. Manhajar lissafin kaya muke kula da ita, ta wasu shagunan magani. Da aiki ya cakuɗe, kowa yana jan nasa, sai muka ce bari mu gwada Scrum, wani tsarin tafiyar da aikin ƙungiya, tunda shi ne a bakin kowa.

Ken Schwaber da Jeff Sutherland ne suka gabatar da shi a 1995, kuma dukansu suna cikin mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Amurka a 2001 suka fitar da sanarwar Agile, wato ƙa'idojin rubuta manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa. Yadda yake tafiya: a yanka lokaci zango-zango, kowanne bai wuce wata guda ba. Mu sati biyu muka ɗauka. A zaɓi aikin zangon, a yi taron minti 15 kullum, a ƙarshe a nuna abin da aka gama, a zauna a duba inda aka yi tuntuɓe.

Wannan zaman na ƙarshe ya yi mana rana. A nan ne wanda ya fi kowa shiru ya ce ya gaji da gyara lambar manhajar da ba a rubuta bayaninta ba.

Sauran kuwa, wahala. Ranar Litinin mu kulle aikin sati biyu, Laraba waya ta yi ƙara: rasit ya ƙi fita, mutane sun yi layi a gaban kanta. Da wane baki zan ce, "Alhaji, a yi haƙuri sai zango ya ƙare"? Dole a ajiye komai a gyara. Haka kusan kowane zango. Ga kuma musun kiyasin girman aiki da lambobi, wannan aikin 3 ne ko 5 ne ko 8, har shayi ya huce. Daga baya na karanta jagorar Scrum ta 2020 na ga ba ta ma wajabta waɗannan lambobin ba. Mu muka ɗora wa kanmu.

Bayan wata takwas muka koma Kanban, inda kowane aiki kati ne da ke tafiya layi-layi a kan allo, babu zango. Daga masana'antar Toyota ya fito, tsarin da Taiichi Ohno ya gina, David Anderson kuma ya yaɗa shi a harkar manhaja. Ba mu canza kayan aiki ba, domin Jira, manhajar da muke bin ayyukanmu da ita, tana da allon duka biyun, kuma kyauta ce ga waɗanda ba su wuce goma ba. (Sunan har yanzu yana ba mu dariya, layin farko na allonmu ma "jira" muka sa masa.) Sai "ana yi", "gwaji", "an gama". Dokar ɗaya ce: kati uku kacal a "ana yi". In gwaji ya cika, masu rubutu su tsaya su taya mai gwaji, maimakon su ƙara masa kaya. Gyaran gaggawa yana da nasa layin, ya shiga ya fita ba tare da ya rushe wani shiri ba.

Aibinsa shi ne babban aiki yakan yi ta jan ƙafa, tunda babu ranar da ke tsare ka. Wani kati ya kwana sati biyar a allo kafin mu farga mu sassara shi. Zaman duba kurakurai kuma ba mu yar da shi ba, duk Alhamis ta biyu muna yi.

Sabuwar manhajar waya da za mu fara daga tushe, wadda babu mai kira a kanta tukuna, ita da Scrum za mu yi.