Makonni 8 Cikin Wasiƙar Bitrus ta Fari: Ra'ayina Kan Wani Kwas na Intanet

Na yi rajistar wannan kwas ne a wani lokaci da wa'azin da ake yi kan shan wuya ya daina shiga kunnena, domin kusan duk wanda ya hau mumbari yana gaggawar kai mai sauraro ga ranar da wahala za ta ƙare, ba tare da ya tsaya ya faɗi yadda mutum zai zauna cikinta kafin ranar ta zo ba. Wata ƙungiyar koyar da Littafi Mai Tsarki ce take gudanar da kwas ɗin ta intanet, makonni 8 ne, kuma gaba ɗayansa a kan Wasiƙar Bitrus ta Fari aka gina shi, da manyan jigogi uku: jimrewa cikin wahala, tawali'u, da yi wa juna hidima da baye-bayen da Ruhu Mai Tsarki ya bayar. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, tun da akwai abubuwan da zan kushe, kuma masu shirya irin wannan kwas suna da yawa, tsarinsu ma kusan ɗaya ne, don haka abin da zan faɗa zai iya amfanar wanda yake duba na wata ƙungiya dabam.

Kowane mako ana sakin bidiyon darasi na kimanin minti 40, da ɗan littafin tambayoyi da ake saukewa a waya ko kwamfuta, sannan a yi zama ɗaya kai tsaye da ƙaramin rukuni ƙarƙashin mai jagora. Ana iya sauke darasin a matsayin murya kaɗai, wanda ya taimake ni ƙwarai a ranakun da intanet ya yi rauni. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi.

Makonni uku na farko, waɗanda suka shafi wahala, su ne suka sa na ji ban ɓata lokacina ba. Malamin ya fara da mutanen da aka rubuta wa wasiƙar, wato masu bi da suke warwatse a Fantas, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, yankunan da a yau duk suna cikin ƙasar Turkiyya. Ya kawo gobarar birnin Roma ta shekara ta 64, wadda marubucin tarihi Tasitus ya ce sarki Niro ya ɗora wa Kirista laifinta, ya kuma kawo wasiƙar da Filini, gwamnan Bitiniya da Fantas, ya aika wa sarki Tirajan wajen shekara ta 112, inda yake bayyana yadda yake gwada waɗanda aka kawo ƙara ta hanyar sa su miƙa hadaya ga siffar sarki su kuma zagi Almasihu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a kan jini da takobi ba. Ya sa muka bi wasiƙar aya bayan aya muka ga cewa yawancin wahalar da Bitrus yake magana a kai ta baki ce: ƙazafi a 2:12, zagi a 3:16, mamakin tsofaffin abokai da suka ga mutum ya daina bin su zuwa shashanci a 4:4, da cin mutunci saboda sunan Almasihu a 4:14. Wannan ya buɗe wasiƙar ga mutane irina, waɗanda ba a taɓa ɗaure su saboda bangaskiya ba, amma sun san zafin a mayar da mutum saniyar ware a wurin aiki ko a cikin dangi.

Darasin mako na uku ya fi sauran kaifi. A 4:15 Bitrus ya jera waɗanda wahalarsu ba abin fahariya ba ce, wato mai kisankai, ɓarawo, mai mugun aiki, sai kuma ya ƙara da mai shisshigi cikin al'amuran mutane, kalmar da ba ta sake fitowa ko'ina a Sabon Alkawari ba. Malamin ya daɗe a kan wannan na ƙarshen, yana cewa masu bi da yawa suna kiran abin da tsegumi da katsalandan ɗinsu ya jawo musu tsanani, alhali girbin abin da suka shuka ne. A zaman rukuninmu na wannan mako an yi shiru mai tsawo kafin wani ya buɗe baki, kuma ina zaton kowannenmu yana tuna wata rigima da ya taɓa yi wa suna gicciye. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Daga nan ne aka kai mu aya ta 16, ɗaya daga cikin wurare uku kacal da kalmar Kirista ta fito a Sabon Alkawari, sauran biyun suna Ayyukan Manzanni 11:26 da 26:28, aka nuna cewa wahalar da ba a jin kunyarta ita ce wadda sunan kaɗai ya jawo.

Duk da haka, a nan ne na fara ganin giɓi. Sashen da yake magana da bayi a 2:18 zuwa 25, da wanda yake magana da matan aure a farkon sura ta 3, an bi ta kansu cikin hanzari kamar mai tsallake garwashi. Wata 'yar'uwa a rukuninmu ta tambaya ko jimrewa tana nufin mutum ya yi shiru yana shan duka a gidansa, sai mai jagora ya ce mata a ci gaba da addu'a, ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin littafin da aka ba shi bai tanadi komai a kan wannan ba, amma na ga laifin waɗanda suka tsara kwas ɗin. Bulus da kansa, wanda ya sha bulala da kurkuku fiye da yawancin manzanni, ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, ya hana a yi masa bulala a Urushalima da hujjar cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Duk waɗannan suna cikin Ayyukan Manzanni sura ta 16, da ta 22, da ta 25. Kwas da yake koyar da haƙuri cikin wahala, wanda kuma ya san masu rauni ne za su fi neman sa, ya kamata ya faɗa a fili cewa neman kariya da neman adalci ba su saɓa wa bangaskiya ba.

Makonni biyu na tawali'u sun yi kyau, musamman bayanin 5:5, ayar da ta ce masu bi su yi ɗamara da tawali'u. Kalmar Helenanci da Bitrus ya yi amfani da ita a wurin tana nufin ɗaura tufa a jiki da ƙulli, kuma masana da yawa suna danganta ta da irin ƙyallen da bawa yake ɗaurawa kafin ya fara aiki. Malamin ya haɗa wannan da Yahaya sura ta 13, inda Yesu ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma Bitrus ne ya fara ƙin yarda a wanke nasa. Mutumin da ya ƙi a durƙusa masa a daren nan shi ne yake gaya wa ikilisiya ta ɗaura irin wannan ɗamara. An kuma nuna mana cewa maganar Allah yana gāba da masu girmankai yana kuma ba masu tawali'u alheri daga Karin Magana 3:34 aka ɗauko ta, Yakubu ma ya kawo ta a 4:6, sannan 5:6 da 5:7 na wasiƙar Bitrus jimla ɗaya ce a asali, wato zuba wa Allah damuwa shi kansa wani salo ne na ƙasƙantar da kai. Ban taɓa lura da wannan ba. Na daɗe ina ɗaukar yawan damuwata a matsayin alamar ina kula da al'amura, ban taɓa ganin girmankan da ke cikinta ba, na mutumin da yake jin in bai riƙe komai da hannunsa ba komai zai zube.

Abin dariyar, in abin dariya ne, shi ne shafin kwas ɗin yana ba kowa tambarin yabo duk lokacin da ya kammala darasi, yana kuma jera sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari a kowane mako inda kowa zai gani. A makon da aka ba mu aikin yi wa wani hidima a ɓoye ba tare da mun gaya wa kowa ba, na kama kaina ina leƙa jerin in ga ko sunana ya hau. Na rubuta musu na nemi a ba mutum damar ɓoye sunansa, suka amsa cikin ladabi cewa za su duba.

Sai makonni uku na ƙarshe, kan baye-bayen Ruhu, waɗanda su ne aka fi tallata kwas ɗin da su, kuma su ne nake da babban ƙorafi a kansu. Koyarwar kanta ba ta da aibu. An jera mana wuraren da Sabon Alkawari ya lissafa baye-baye: bakwai a Romawa 12:6 zuwa 8, tara a Korintiyawa ta Fari 12:8 zuwa 10, wani jerin a aya ta 28 ta wannan sura, da na Afisawa 4:11, aka kuma nuna cewa babu jeri biyu da suka yi daidai da juna, abin da yake nuna ba a yi niyyar ƙidaya su duka ba. Bitrus kuwa a 4:10 da 11 bai ma tsaya lissafi ba, ya raba su gida biyu, mai magana da mai hidima, ya ce kowa ya samu baiwa, kowa kuma wakili ne da aka ba amanar dukiyar da ba tasa ba. Malamin ya nuna mana cewa kalmar da aka fassara iri-iri game da gwaje-gwaje a 1:6 ita ce dai aka yi amfani da ita game da alherin Allah a 4:10, kamar dai kowane launi na wahala akwai launin alheri da aka ajiye domin sa a hannun wani ɗan'uwa. Wannan shi ne ya ɗinke jigogin uku wuri ɗaya, kuma da a nan aka tsaya da na ba kwas ɗin cikakken yabo.

Amma bayan wannan darasi sai aka tura mu ga gwajin gano baiwa, irin wanda ya yaɗu daga majami'un Amurka tun shekarun 1970. Jerin jimloli ne masu yawa, kowace tana farawa da ina jin daɗin kaza ko mutane suna zuwa wurina domin kaza, mutum ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5, a ƙarshe kwamfuta ta fitar masa da baye-bayensa uku. Ni ta ce koyarwa, shugabanci da gargaɗi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Bayan kwana goma, a ƙarshen wani mako da na gaji na kuma sha suka a wurin aiki, na sake yin gwajin don in gani, sai shugabanci ya ɓace, jinƙai ya hau sama. Baiwar Ruhu ba ta sauyawa cikin kwana goma, abin da ya sauya shi ne yadda nake kallon kaina, kuma shi kaɗai gwajin yake iya aunawa. A rukuninmu kusan kowa ya fito malami ko shugaba, ba wanda ya fito mai taimako, kodayake taimako yana cikin jerin Bulus na Korintiyawa ta Fari 12:28. Yabon kai jahilci ne, amma gwajin yabon kai yake nema daga tambaya ta farko har ta ƙarshe. Bayan makonni biyu ana koya mana mu kawar da ido daga kanmu, sai aka miƙa mana madubi.

A ƙasan shafin sakamakon, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa yana da kyau mutum ya tambayi waɗanda suka san shi a ikilisiyarsa ko sun yarda da abin da ya fito. Wannan shawara ita ta cancanci zama darasin gaba ɗaya. Na tambayi mutum uku, ba wanda ya ambaci shugabanci, biyu kuwa suka ce abin da suke tunawa da ni shi ne na zauna tare da su a lokacin da ba su da lafiya, abin da ni ban taɓa lissafa shi cikin hidima ba.

Aikin mako na ƙarshe ne ya gyara wasu daga cikin ɓarnar gwajin. An ce kowa ya nemi mutum ɗaya da yake cikin wahala a ikilisiyarsa ya yi masa abin da yake bukata, ko ya dace da sakamakon gwajin ko bai dace ba, bisa ga 4:9 da ta ce a karɓi juna ba tare da gunaguni ba. Na je wurin wani dattijo da idanunsa suka mutu, wanda abin da yake so kawai a karanta masa Littafi Mai Tsarki. Na tafi da shirin yi masa bayanin duk abin da na koya game da Fantas da Bitiniya, amma da na kai 5:10, inda aka ce bayan ɗan shan wuya Allah da kansa zai kafa ya kuma ƙarfafa masu bi, ya ɗaga hannu ya ce in sake karantawa, na sake, ya ce in ƙara, bai kuma nemi bayani ba ko sau ɗaya.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga wanda yake son ya karanta wannan wasiƙa mai surori 5 da ayoyi 105 a tsanake tare da malamin da ya san tarihi da harshen asali, musamman dattawan ikilisiya, waɗanda farkon sura ta 5 ta gargaɗe su kada su nuna wa garke iko. Zai fi amfani idan mutum uku ko huɗu daga ikilisiya ɗaya suka yi rajista tare, domin rukunin intanet ba ya iya ganin yadda kake zama da mutane. Wanda yake cikin gidan da ake cutar da shi kada ya dogara da wannan kwas kaɗai, ya nemi fasto ko mai ba da shawara da zai zauna da shi ido da ido. Gwajin baiwa kuwa, tsarin ba ya barin a karɓi takardar shaida sai an cike shi, don haka a cike shi a rana ta ƙarshe, bayan an riga an yi aikin ziyarar.