Hattara da masu liƙa wa mota kwalta da sunan maganin ƙara

Assalamu alaikum. Masu mota, ku karanta wannan kafin ku miƙa wa wani makulli don ya rage muku ƙarar da ke shigowa cikin mota.

A watan Fabrairu na ga tallan wani mutum a Facebook. Bidiyo ne, ya ƙwanƙwasa ƙofar mota tana ƙara kamar gwangwani, bayan aiki ya sake ƙwanƙwasawa, shiru. Ni kuwa Corolla ce da ni 'yar Kwatano, ina yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna, gunjin taya da iska har sai na ɗaga murya kafin na kusa da ni ya ji. Na kira shi. Ya ce: "Alhaji, kayan Amurka ne, zafi ma zai ragu." Ya nuna min kwali mai sunan Dynamat, wani sanannen abin rage ƙarar mota, ya ce in bar motar in dawo da yamma. Na biya shi abin da ya kai kuɗin sabbin tayoyi biyu, na dawo na tarar an mayar da komai an rufe. Ban ga abin da aka sa a ciki ba.

Lokacin akwai sauran sanyin hunturu, ban lura da komai ba. Da Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa yana iya wuce 60, sai wari ya tashi irin na wurin da ake zuba titi. 'Yata ƙarama kullum sai ta yi kukan ciwon kai idan na ɗauko su daga makaranta. Daga nan gilashin ƙofar baya ya fara saukowa da baƙin abu mai danƙo, sannan ya maƙale gaba ɗaya.

Mai gyaran jikin mota da na kai wa, yana cire marfin ƙofar ya ce: "Malam, ai wannan facin kwano ne." Wato irin naɗin nan mai kwalta da masu rufin gida ke toshe yoyo da shi. Ya narke, ya zazzago, ya toshe 'yan ramukan ƙasan ƙofa da ruwa ke bi ya fita. A ƙarƙashin kafet kuma soson katifa aka shimfiɗa min, wanda ke shan ruwa ya riƙe, har tsatsa ta soma cin ƙasan motar.

Abin da na koya da kuɗina ke nan. Kayan gaske ana yin su da roba mai suna butil, bayanta da alminiyam, kaurinta kamar milimita 2. Ba ta wari, kuma zafinmu ba ya narkar da ita. Idan ka ja gefenta tana miƙewa kamar cingam, kwalta kuwa tsinkewa take yi ta bar maka baƙi a yatsa. Lanƙwasa alminiyam ɗin: na gaske yana tsayawa yadda ka lanƙwasa shi, na jabu leda ce mai walƙiya, komawa take yi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka karɓi guntu, ka ɗora kan dashbod, ka rufe mota a rana tun azahar har la'asar. Hancinka zai gaya maka gaskiya. Wanda ya hana ka guntun gwaji, kada ka ba shi aiki.

Wani abin da bai gaya min ba: ko butil ɗin gaske ne, aikinsa rage karkarwar ƙarfe ne kawai, shi ya sa ƙwanƙwasar bidiyon nan ke ruɗar mutane, don kwalta ma tana yin hakan a ranar farko. Ba dole ne a rufe ƙofa duka da shi ba, kwata zuwa rabin faɗin ƙarfen ya isa. Gunjin taya sai an ƙara shimfiɗa mai nauyi ta roba a ƙasan mota, a tsakaninta da ƙarfen kuma a sa soso mai rufaffun ramuka wanda ba ya shan ruwa. Don Allah kada ku yarda a manna soson gida a cikin bonet, kusa da inji ne, gobara yake jawowa.

Ku tsaya a kan aikin da kanku, ku ga an buɗe kwali a gabanku, ku ɗauki hoto kafin a mayar da marfin ƙofa, kuma kada ku biya duka sai an gama.

Kwana biyu aka yi ana kankare kwaltar daga ƙofofi huɗu, na kuma sayi sabon injin gilashi. Mutumin ya toshe lambata. Makon jiya na sake ganin bidiyon nan nasa, ya canza wa shafin suna, mutane suna ta tambayar farashi a ƙasa.