Kit ɗin gwajin GST mai CDNB: yana ba da lamba, amma ba ya gano sauron da ya gagari DDT

Tauraro uku na yi niyyar ba wannan kit ɗin, mai auna aikin GST, wato dangin enzayim masu warware guba a jiki, ta hanyar ba su sinadarin gwaji CDNB su sarrafa. Kayan sun iso Kumasi da sanyinsu, farantin mai rijiya 96 ne, kuma enzayim ɗin da suka haɗo don tabbatar da aiki ya tashi sumul a 340 nm, tsayin zangon hasken da ake karanta sakamakon da shi. Ta nan ba ni da ƙorafi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne alkawarin dillalin, wai da wannan za a gane ko GST ne ke sa sauro jure magani. An niƙa matan sauron Anopheles gambiae da aka raino daga tsutsar gonakin kayan lambu na Gyinyase, waɗanda maganin ƙwari DDT bai ko girgiza su ba a bututun gwaji, aka jera su da jinsin Kisumu mai saurin mutuwa. Bambancin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Kuɗi sun tafi, sauro ya ƙare.

Ba lalacewar kaya ba ce, ginin furotin ɗin ne. Kowane GST yana da aljihu biyu. Na farko, gurbin G, yana kama glutathione, sinadarin da enzayim ɗin ke aiki da shi a kan guba, kuma kusan iri ɗaya ne a dangin. Na biyu, gurbin H, shi ke karɓar gubar, kuma a nan amino asid ɗin suke bambanta, faɗi da zurfin aljihun su canja. CDNB ƙaramin abu ne mai zobe ɗaya, yawancinsu suna haɗiye shi. DDT kuwa zobe biyu gare shi, da kauri, sai aljihu mai siffar V irin na GSTe2, ɗaya daga GST na ajin epsilon, yake zama daidai har a cire masa hydrogen da chlorine ya koma DDE, wanda ba ya kashe sauro. Wannan sauro yana da ƙwayoyin halittar GST kusan 30, takwas daga cikinsu ajin epsilon. Kit ɗin yana tattara aikin dukansu ya ba ka jimla. Kamar ka auna hayaniyar kasuwar Kejetia ne kana neman muryar mai koko guda.

Kuma amino asid ɗaya ya isa ya juya lissafi. A 2014 aka nuna cewa sauyin L119F a GSTe2 na Anopheles funestus a Benin yana buɗe aljihun, DDT ya shiga da sauƙi. A gambiae ma akwai irin wannan sauyin, I114T. Duk wannan CDNB ba zai faɗa maka ba, takardar cikin kwalin ma ko layi ɗaya ba ta yi a kai ba. Haka masu aikin jinin mutum za su sha: GSTT1 na ajin theta ba ya taɓa CDNB, ko yana nan ko babu shi, lambar ɗaya ce.

Da na tuna takardar ma sai na rage tauraro. Ta ba da 9.6 a matsayin ma'aunin shan haske, wanda na kwalbar santimita 1 ne. A rijiyar faranti zurfin ruwan bai kai haka ba, wanda bai gyara ba zai samu aikin enzayim ƙasa da gaskiya. Ba su kuma ja kunne kan pH ba: a bar shi a 6.5, don in ya haura, glutathione da CDNB suna haɗuwa da kansu, rijiyar da babu samfur ma ta riƙa hawa. Glutathione ɗin da aka narkar kuma ba ya jure dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Firiza ta huce dare ɗaya, ya koma GSSG, siffarsa da ba ta aiki a gwajin, sai sabo. CDNB in an zuba shi cikin ruwa mai sanyi yana yin gari-gari, ga ƙaiƙayin fata, a sa safar hannu.

'Yan'uwa masu wannan aiki, in ɗalibai za a koya wa yadda ake bin saurin enzayim, ku saya, ya wadatar. In tambayar juriya ce, a fara da DEM, sinadarin da ke hana GST aiki, kafin a sa sauron a bututun magani, a gwada PBO, mai hana enzayim ɗin P450 aiki, a gefe saboda P450 irin su CYP6P3 da CYP6M2 sun yi ƙarfi a Ghana, sannan qPCR, gwajin auna aikin ƙwayar halitta, a kan GSTe2, ko HPLC, na'urar rarrabe sinadarai, a ga DDE ɗin da ido. Tauraro biyu, na biyun ma don sanyin da kayan suka iso da shi ne.