Ja da carbi ko miƙa furanni: yadda Hindu ke roƙon arziki wajen Lakshmi

A addinin Hindu, mai neman buɗi yakan fuskanci Lakshmi, allahiyar dukiya, musamman ranar Juma'a da daren bikin Diwali a watan Oktoba ko Nuwamba.

Wasu kan ɗauki carbi mai ƙwaya 108, wani lokaci na 'ya'yan furen lotus, su zauna suna nanata "Om Shrim Mahalakshmiyai Namaha" har carbin ya zagayo. Suna kiran wannan japa. Ba ya cin ko sisi, sai dai yana son natsuwa da dagewa kullum, kuma nan ne mutane da yawa ke sarewa.

Miƙa furanni kuwa hidima ce ta ido da aljihu. Tun asuba kasuwar Mallik Ghat da ke gindin gadar Howrah a birnin Kolkata na Indiya ke cika da masu ciniki, ga kwanduna shaƙe da furen genda ruwan lemo. Amma Lakshmi lotus aka fi kai mata, mai kama da badon tafkunanmu, domin a kansa ake zana ta a zaune. Da Diwali ya matso, kuɗinsa kan tashi.

A ganina japa ya fi dacewa da talaka, ko da yake a yawancin gidaje haɗa su ake yi: baki na karatu, hannu na zuba fure gaban gunkin.