Sharhi kan Madden NFL 24: abin da mai jifa ke yankewa cikin daƙiƙa uku

Na shafe shekaru ina kallon ƙwallon Amurka jefi-jefi, galibi a daren Super Bowl, wasan ƙarshe na babbar gasarta da ake kira NFL, kuma duk tsawon lokacin idona ƙwallo kawai yake bi, kamar yadda muka saba a ƙwallon ƙafa. Idan mai jifa ya wurga aka cafe sai in yaba masa, idan abokan hamayya suka sare sai in ɗora masa laifi, sauran mutum goma da ke tare da shi kuwa ban san aikin da suke yi ba. Wannan ya sa na sayi Madden NFL 24, wasan na'ura da kamfanin EA Sports ya fitar a watan Agustan 2023 da hoton Josh Allen na ƙungiyar Buffalo Bills a bangonsa, na kuma yi kusan wata huɗu ina buga shi a PlayStation 5. Sharhin nan ya taƙaita ne ga ɓangaren jifa, domin a nan na fi ɓata lokaci, kuma a nan wasan ya fi amfana mini.

Ga wanda bai san dokar ba, kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili, kuma wadda ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Jifa gaba sau ɗaya aka yarda a kowace dama, kuma dole a yi shi daga bayan layin da aka fara. Mutum biyar na gaba ba su da izinin cafewa, aikinsu shi ne su zama katanga, sauran biyar ɗin su ne za a iya jefa wa. An san cewa John Madden, kocin da ya ci Super Bowl da Oakland Raiders a Janairun 1977, ya ƙi yarda a sa sunansa a wasan sai an nuna mutum 11 a kowane ɓangare, duk da cewa kwamfutocin zamanin suna shan wuya da hakan, abin da ya jinkirta fitowar na farko har zuwa 1988. Sai da na buga na gane dalilin wannan naci nasa.

Kowane mai cafewa yana da maɓallinsa, kuma alamar maɓallin tana bayyana a kansa da zarar an fara. Idan ka taɓa maɓallin ka saki nan take, ƙwallo za ta tashi sama ta sauko a hankali. Idan ka danne shi, za ta tafi a miƙe da ƙarfi. Akwai kuma matsakaicin jifa da ke tsallake mai tsaro na kusa ya faɗo kafin na nesa. Za ka iya karkata jifan zuwa gaban mai gudu ko bayan kafaɗarsa, sama ko ƙasa, wato inda hannun mai tsaronsa ba zai kai ba. Wannan ɓangaren ya gamsar da ni ƙwarai, domin kuskure kaɗan wajen zaɓar irin jifan yana haifar da sakamakon da za ka iya bin diddiginsa idan ka maimaita hoton a hankali.

A makonnin farko an riƙa sare mini ƙwallo sau uku ko huɗu a wasa ɗaya, kuma dalilin guda ne: ina jira sai na ga mutumina ya kuɓuce daga mai tsaronsa sannan in jefa. Kafin ƙwallo ta isa, ƙofar da na gani ta rufe. Mai jifa a gasar NFL yana da abin da bai wuce daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba kafin katangarsa ta fara rushewa, kuma wasan ya kwaikwayi wannan matsin sosai, musamman daga matakin wahalar wasa da ake kira All-Pro zuwa sama. Abin da ya gyara mini lamarin shi ne sashen horo, inda ake maimaita tsari ɗaya a gaban salon tsaro daban-daban har sai idonka ya saba. A nan na fahimci cewa yawancin shawarar ana yanke ta ne kafin a taɓa ƙwallo, cikin daƙiƙa 40 da ake bayarwa tsakanin dama da dama. Kana duban masu tsaron can baya, ɗaya ne a tsakiya ko biyu ne suka raba fili. Kana tura ɗaya daga cikin masu cafewa ya tsallaka zuwa ɗaya gefen, idan wani ya bi shi ka san tsaron mutum-da-mutum ne, idan ba wanda ya motsa ka san kowa yankinsa yake gadi. Daga wannan kake sauya wa mutum ɗaya hanya, ko ka soke tsarin gaba ɗaya ka kira wani.

Darasin da ya fi wuyar shiga shi ne jefa wa wurin da babu kowa a cikinsa tukuna. Bill Walsh, wanda ya ci Super Bowl uku da San Francisco 49ers a shekarun 1980, ya gina salonsa a kan daidaita takun mai jifa da takun mai cafewa: ja da baya taku uku ga gajeren jifa, biyar ga matsakaici, bakwai ga dogo, ta yadda ƙwallo za ta bar hannu daidai lokacin da mai gudu ke shirin juyawa. Wannan amana ce tsantsa, domin kana sakin ƙwallo alhali mutuminka bai ko waiwayo ba. Ranar da na fara yin haka da gangan, na ga ƙwallo da mai cafewa sun haɗu a bakin layi a lokaci guda, na ji daɗin da ban taɓa ji a wasan na'ura ba.

Sai kuma mutanen da ba a kiran sunansu. Idan masu tsaro suka turo mutum shida a kan katanga mai mutum biyar, dole wani ya cike gurbin, ko dai ɗan gudun da ke tsaye kusa da mai jifa ya fasa fita ya tare na shidan, ko mai jifa ya saki ƙwallo nan take zuwa wurin da mai kutsen ya bari. Wasan yana ba ka damar karkata katangar dama ko hagu da kuma umartar wani ya tsaya ya tare, kuma duk lokacin da na yi sakaci da wannan, a ƙasa nake samun mai jifana. Haka nan a tsare-tsare da yawa akwai mai cafewar da ke sheƙa gudu har ƙarshen fili alhali ya san ba shi za a jefa wa ba. Yana janye masu tsaro biyu ne domin abokinsa ya sami sarari a bayansa.

Bayan wannan na koma na sake kallon ƙarshen wasanni biyu da na sani, sai na tarar kamar ban taɓa ganinsu ba. A ranar 23 ga Janairun 2022, Buffalo na gaban Kansas City Chiefs da 36 da 33 saura daƙiƙa 13, amma Patrick Mahomes, mai jifan Chiefs, ya jefa wa Tyreek Hill yadi 19, ya jefa wa Travis Kelce yadi 25, Harrison Butker ya buga ta shiga daga yadi 49 aka yi kunnen doki, sannan Chiefs suka ci 42 da 36 a ƙarin lokaci. A jifa na biyun, Kelce ya lura da gibin da masu tsaro suka bari, ya bar hanyar da aka tsara masa ya nufi gibin, Mahomes kuma ya san abin da zai yi tun kafin a fara. Na biyun shi ne Super Bowl na 1 ga Fabrairun 2015, lokacin da Malcolm Butler na New England Patriots ya sare jifan Russell Wilson na Seattle Seahawks a yadi ɗaya daga gidan ci, Patriots suka ci 28 da 24. Sunan Butler kowa ke tunawa, amma abokin wasansa Brandon Browner ne ya tokare Jermaine Kearse na Seahawks a kan layi, alhali aikin Kearse shi ne ya tare wa Butler hanya. Ba don wannan tokarewar ba, mai yiwuwa da Ricardo Lockette, wanda aka jefa wa, ya cafe.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani. Kyamarar wasan tana sama da bayan mai jifa, saboda haka kana ganin fili fiye da yadda ɗan wasa na gaske ke gani daga cikin hular kwano, ƙartai masu nauyin kilo fiye da 130 suna turereniya a gabansa. Sunayen tsare-tsaren da bayanansu cikin Turancin masu sana'ar suke, kuma suna da yawan da zai iya rikita sabon shiga. Shawarata ita ce mutum ya zaɓi guda biyar ko shida ya laƙance su kafin ya ƙara. Karawa da wasu ta intanet kuma tana buƙatar layi mai ƙarfi, domin jinkirin da bai kai rabin daƙiƙa ba ya isa ya mayar da jifa mai kyau kyauta ga abokin hamayya, kuma layin da nake amfani da shi a gida ya sha jawo mini hakan da daddare, har na koma karawa da na'ura ko da ƙanena a ɗaki ɗaya.

Wanda yake neman wasan da zai ɗauka ya fara ci a ranar farko, kamar yadda ake yi da wasannin ƙwallon ƙafa a gidajen gem, zai iya gajiya da wannan tun a makon farko. Wanda kuma yake son ya fahimci abin da ke faruwa a fili idan ya zauna kallon NFL ranar Lahadi da yamma, ina ganin kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Ni har yanzu ina matakin All-Pro, kuma abin da nake aiki a kansa yanzu shi ne saurin dawowa ga mai cafewa na uku idan na farko da na biyu suna rufe, domin a nan ne har yau nake yawan riƙe ƙwallo fiye da lokacin da katangata za ta iya ba ni.