Burodi da ƙwai, gurasa ko shawarma: wanne za ka saya a Zariya?

Ba kullum mutum ke son zama gaban tuwo ba. Wani lokaci abin da za ka riƙe a hannu ka cinye cikin minti goma kake nema, kuma a nan Zariya ba ta rage ka da komai ba. Daga Samaru, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke cika titi har tsakar dare, zuwa Kwangila, PZ, Tudun Wada da Kongo, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga teburin mai shayi ko ɗan shagon shawarma ba.

Ni dai teburin mai shayi nake sa wa a gaba, don komai a idonka ake yi. Zai ce, "Yallaɓai, ƙwai nawa?" Ka ce biyu, sannan ka zuba ido a kofin da yake fasawa. Sabon ƙwai gwaiduwarsa a dunƙule take, farin kuma da kauri. Wanda ya kwana biyu yana faɗawa kofi sai ya baje kamar ruwa. Leƙa kaskon ma. Idan man ya yi baƙi, da ɓurɓushin albasar da ta ƙone tun safe, ka ce a sa maka sabo, ba wanda zai ji haushi. Mai shayin da ya san aikinsa zai tsaga burodin, ya cusa ƙwan da zafinsa, ya mayar kan kasko ya danne shi har gefen ya yi ja. Wannan dannawar ce ke raba gwani da ɗan koyo. A watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, idan ka haɗa da kofin shayi mai kauri ka gama da yunwa har azahar.

Burodin kansa a duba shi. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta sa sinadarin buromet, mai ƙara wa burodi kumburi, a burodi, amma ba a gane shi da ido, don haka abin da ya rage maka shi ne ledar: da sunan gidan burodi da lambar hukumar a jiki? Mai yanka-yanka ya fi kyau da bota ko kifin gwangwani. Ƙwai kuwa dunƙulallen burodi yake so, don ba ya yagewa idan mai ya jiƙa shi.

Shawarma baƙuwa ce, daga ƙasashen Larabawa ta zo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ta ƙara nisa da aljihun ɗalibi. Kuɗin guda ɗaya ya isa burodi da ƙwai da shayi, har a ba ka canji. Daɗi kam akwai, ba musu. Matsalar tana cikin abin da ba ka gani ba: yaushe aka yanka kabejin, yaushe aka dafa kazar, ina aka ajiye mayonis ɗin sa'ad da aka ɗauke wuta? A zafin Maris da Afrilu waɗannan ba sa jimawa suke juyawa. Saboda haka kada ka saya da rana a shagon da ba kowa. Bari sai bayan magariba, ka nemi inda ake layi, don inda ciniki ke gudu kaya ba sa kwana. Idan za a sa maka sosej, tambayi naman da aka yi shi da shi, ko a nuna maka ledarsa.

Gurasa kuwa sai dai mu sara wa Kanawa. Bandashe, wato gurasar da aka ɗan jiƙa aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba mai da albasa da tumatir, ta fi duka riƙe ciki a kuɗi kaɗan. Abin lura kawai shi ne ruwan da ake tsoma ta. Mai gyambon ciki ya ce a rage yaji.

Akwai kuma haɗin da ba shago ɗaya ke yin sa ba: ka sayi burodinka, ka tsallaka wurin mai tsire a yanka maka da zafinsa, ka cusa da kanka. Da safe ƙosai ne ke maye gurbin tsiren. Tsiren da aka ɗumama sau biyu yakan bushe ya yi tauri, don haka nuna tsinken da kake so a gasa a gabanka.

Idan gida za ka kai, burodi da ƙwai ba ya son tafiya. Tururi na taruwa a leda, kafin ka isa Shika daga Sabon Gari ya zama caɓal. Gurasa da tsire sun fi jure hanya. Ka kuma riƙe 'yan canji a aljihu, don ba kowane mai tebur ke karɓar tiransifa ba, wanda ke karɓa kuma sai ya ga alat kafin ya sallame ka.